Dutsen Tuni da Bakin Iyaye

A harabar majami'ar St. Cuthbert da ke Bewcastle, a arewacin Ingila, akwai gicciyen dutse da aka sassaƙa wajen ƙarni na 8, tun kafin a gina majami'ar da ke wurin yanzu. Kansa ya ɓata, rubutun jikinsa ya dusashe har masana suna gardama a kan ma'anarsa. Joshuwa ma ya kafa duwatsu 12 a Gilgal, amma iyaye ya ɗora wa nauyin gaya wa yara yadda Ubangiji ya ƙetarar da Isra'ila Kogin Urdun. Masu bi a Tumfure suna gina majami'u masu kyau. In ba su koya wa 'ya'yansu Maganar Allah a gida ba, gini kaɗai yaran za su gada. Ubangiji ya ba iyaye aminci. Amin.