Yaro A Hanya, Amanar Wa Ke Nan?

Kamfanonin jiragen sama da yawa ba su yarda yaron da bai kai shekara 5 ba ya shiga jirgi shi kaɗai, kome dukiyar ubansa. Wanda ya kai kuwa, sai uban ya cika takarda, ya rubuta sunan mai tarbar yaron, ya sa hannu, sa'an nan ya tsaya a filin jirgi har jirgin ya tashi. Can kuma ba a sakin yaro sai mai tarba ya nuna shaida. Kamfanin British Airways ma tun 2018 ya daina ɗaukar wanda bai cika shekara 14 ba, in ba tare da babba ba.

To, manomin Funtua ko Malumfashi yana iya cewa wannan zancen masu hali ne. Amma fa shi ma yana tura yaro. Da an gama kaka, masara ta shiga rumbu, an tsinke auduga, sai a ga yara a tasha da allo da ƙunshin tufafi, za su Zariya ko Kano karatu. Wani malaminsa ne ke tafe da shi, wannan da sauƙi. Wani kuwa direba ake danƙa wa, a ce "ga amana," a biya kuɗin mota, a koma gida. Direban bai san malamin ba, sunan unguwa kurum aka gaya masa.

Shin da wannan kalma nauyi ya sauka daga wuyan uba? Waɗansu sukan ce ai tawakkali ne, Allah ke tsarewa. Gaskiya ne Allah ke tsarewa, amma a duba Suratu Yusufu. Annabi Yakubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai saki ƙanen Yusufu ya tafi Masar ba sai da ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga yayyensa, ya kuma umurce su su shiga gari ta ƙofofi dabam-dabam, kana ya dogara ga Ubangijinsa. Babu manomin da ya fi Annabi tawakkali. Kuma a fiƙihun Malikiyya mai ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci. Direban da aka bai wa yaro ba tare da sunan mai karɓa ba, ina za a kama shi da sakaci? Lalle sakacin a gida ya faro.

A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a motoci, Katsina ma ta karɓi nata, aka shiga neman iyaye. Takarda guda a aljihun yaro, mai ɗauke da sunan ubansa da ƙauyensu da sunan malaminsa da lambar waya, da ta rage wannan wahala, kuɗinta kuwa bai kai na ƙwayar goro ba.