Idan Jiki Ne Ya Tayar da Fushi, Laifin Wane Ne?

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji mutum ya zagi matarsa ko ya doki ɗansa, sa'an nan ya ce zuciya ce ta ɗebe shi. Yanzu da ilimin likita ya yaɗu, waɗansu sun sami sabuwar hujja, suna cewa sinadaran jiki ne suka sa su. Ya kamata mu auna wannan magana da natsuwa, gama akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma tarko.

A jikinmu akwai waɗansu ƙananan gaɓoɓi masu zuba sinadarai cikin jini, jinin kuma ya kai su inda za su yi aiki, kamar 'yan aike. A shekara ta 1905 wani masani na Ingila, Ernest Starling, ya raɗa musu suna homon, daga kalmar Helenanci mai nufin zuga. Gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda suna fitar da adirenalin sa'ad da mutum ya firgita ko ya husata: nan take zuciya ta ƙara bugawa, hanta ta saki sukari, jiki ya shirya faɗa ko gudu. Wata gaɓa a gaban wuya, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, ita ke daidaita saurin aikin jiki. In ta yi aiki fiye da kima, mutum yakan rame, ya rasa barci, ya zama mai saurin fushi. In ta gaza, sai kasala da yawan jin sanyi su kama shi. Haka nan bayan haihuwa waɗansu sinadarai sukan ragu farat ɗaya, har mai jego ta yi ta kuka ba ta san dalili ba.

Wannan sani ya ɗora mana hakki na fari, wato jinƙai. Matar da ake kira raguwa, wataƙila gwajin jini take bukata. Mai ciwon sukari da ya rikice yana faɗa, mai yiwuwa sukarinsa ne ya faɗi bayan allurar insulin. Wanda ya yanke wa irin waɗannan hukunci bai kai su asibiti ba, ya ƙara musu ciwo a kan ciwo.

Amma jiki bai ƙwace mana 'yancin zaɓi ba. Adirenalin ɗin da ke gudana a jinin mai dukan matarsa, shi ne ke gudana a jinin wanda ya kutsa cikin gobara domin ya ceci yaro. Sinadari yana ba da ƙarfi, mutum ne ke zaɓar inda zai sa shi. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, yana koyar da cewa motsin zuciya a kan kansa ba nagari ba ne, ba kuma mugu ba ne, sai sa'ad da hankali da nufi suka shiga ciki. Ya kuma yarda cewa tsoro ko rashin lafiyar tunani na iya rage nauyin laifi.

Saboda haka hakki na biyu yana kan mai fushin kansa. In ka san zuciyarka tana saurin hawa, bar wurin kafin hannu ya tashi, gama wannan zuga takan lafa idan aka ba ta lokaci. In likita ya rubuta maka magani, sha shi a kan ƙa'ida. Wanda ya san ciwonsa ya ƙi magani, ya kuma bar iyalinsa suna shan wahalarsa, lamirinsa zai tambaye shi. In kuwa ka riga ka ɓata wa wani rai, je ka nemi gafara ba tare da ka ɗora wa jininka laifi ba.

Allah ya ba mu hikimar rarrabe ciwo da zunubi, a kanmu da kan 'yan'uwanmu. Amin.