MAKARANTAR ƘANENKA AMANA CE A WUYANKA



Ya ku 'yan'uwa matasa na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ga tambaya, kowa ya amsa wa kansa tsakaninsa da Allah. Yaushe rabonka da shiga makarantar da ɗanka ko ƙanenka yake karatu? Ka san sunan malaminsa? Hedimasta ya aiko da takardar taron iyaye da malamai, an share wuri, an jera benci, sai tsofaffi 'yan kaɗan suka zo. Ina samari? Suna teburin mai shayi, suna gidan kallon ƙwallo. Subhanallahi! Saurayi ya san 'yan wasan Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma bai san ajin da ƙanensa yake ba.

To, ku sani wannan sakaci ba koyarwar Musulunci ba ce. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya fansar waɗansu fursunoni ita ce kowanne ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Shugaban al'umma da kansa ya tsaya kan karatun yara, bai ce aikin wani ne ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna kai karatu ƙauyuka. Wannan shi ne gadonmu.

Wani zai ce, ai makaranta ta gwamnati ce. Haka ne, gwamnati ta kawo shirin firamare kyauta a 1976, ta sake kawo wani a 1999, ta kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda a 1983. Amma gwamnati ba ta haifi yaron nan ba. Ranar Alƙiyama uba da wa za a tambaya game da amanar da aka ba su. Kuma ita kanta gwamnatin ta tanadi kwamitin kula da makaranta, wanda ke da kujerar mai unguwa da malaman addini da mata da matasa. Kujerarka na nan, ba kowa a kai.

Kun ga abin da ya same mu. A 2019 'yan bindiga sun kai hari makarantar 'yammata ta Moriki a ƙasar Zurmi. A 2021 aka kwashe 'yammata 279 a Jangebe, daga baya aka rufe makarantu a jihar Zamfara. Allah Ya kiyaye na gaba. Yaron da ya bar aji, ba mai tambayarsa, ina zai nufa? Mai sayar da ƙwaya na jiransa, ɓarayin daji na neman ɗan aike. Makarantar da jama'a ke shiga suna fita, baƙon ido ba ya ɓoyuwa a cikinta, kuma malami ba ya fashin aiki don ya san ana lura.

Saboda haka ga nasiha:

1. Duk taron da makaranta ta kira, na firamare ko na Islamiyya, ka je. In mahaifinku ya tsufa ko yana gona, kai ne wakilin gida.

2. Ku roƙi hedimasta ya zaɓi lokacin da ya dace. Kada a sa taro ranar Alhamis a Shinkafi alhali kowa na kasuwa, ko da hantsi a tsakiyar damina.

3. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, mai unguwa ya sa a yi shela.

4. A tanadi wurin iyaye mata daban, cikin sutura da mutunci. Uwa ce ta fi kowa sanin ranar da yaro ya ƙi zuwa makaranta.

5. Ranar saukar Alƙur'ani da musabaƙa da ranar ba da kyauta, a cika wuri, amma ban da almubazzaranci da kaɗe-kaɗe. Maraya da ya yi na ɗaya, ka tashi ka tsaya masa a matsayin wa.

6. In iska ta yaye kwanon aji, a yi gayya. Magini da kafinta da mai kura kowa ya kawo abin da yake iyawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gobe da safe ka raka ƙanenka har bakin aji, ka gaisa da malaminsa, ka tambayi ranar taro na gaba.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara. Amin.