Shaidar Tsohon Alƙali

Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Mai karɓar wannan haihuwa shi ne alƙali, wanda ya ke zaune bisa buzunsa shekara da shekaru yana sauraron mai ƙara da wanda a ke ƙara, yana auna shaidu, yana ba da rantsuwa. To, ran da ya tsufa ya ajiye aiki, sai ya koma zaurensa da dubban maganganun mutane a cikinsa, ba mai tambayarsa ko ɗaya. A nan akwai matsala wadda ta cancanci tunani. Shin abin da tsohon alƙali ya faɗa game da shari'un da ya yi abin karɓa ne, ko kuwa littafin kotu ya wadatar? In kuma abin karɓa ne, wajibi ne a kansa ya faɗa har da inda ya yi kuskure?

Babu inda wannan tambaya ta fi nauyi kamar ƙasar Yauri. Ƙasa ce ta bakin Kwara, wadda ta tara kabilu masu al'adu dabam dabam: ga Hausawa a Yelwa da Birnin Yauri, ga Gungawa mazauna tsibirai masu noman albasa, ga Kambari a wajen Ngaski, ga Shangawa da Dukawa, ga Sarkawa masunta, ga kuma Filani da shanunsu. A zamanin En'e da yawa daga cikin waɗannan mutane suna bin addinin kakanninsu ne, alƙali kuwa karatunsa Risala ce da Muhtasar da Tuhfa, littattafan mazhabar Malikiyya. Saboda haka kullum yana tsaye ne tsakanin abin da ya karanta da abin da ya tarar a ƙasa.

Tsarin da ya yi aiki a cikinsa ya sha sauyi. A 1900 Gwamna Lugga ya yi dokar kotunan gargajiya, ya bar alƙalai bisa aikinsu, sai dai ya hana hukuncin yanke hannu da makamantansa. Daga baya aka kasa kotuna daraja huɗu, kowace da iyakar ikonta, Razdan da Di'o kuma suna da ikon duba littattafai su sake hukunci. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, da malamai daga Sudan. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira taron masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, daga shawararsu aka samu Final Kod, kundin dokokin laifuffuka da ya fara aiki a 1960, tare da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A 1967 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, a 1968 kuma kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka zama kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Yauri ta kasance cikin Lardin Sakkwato, sa'an nan Jihar Arewa Maso Yamma, sa'an nan Jihar Sakkwato a 1976, har aka kafa Jihar Kebbi a 1991. Mutumin da ya soma aiki yana magatakardan kotu a ƙarshen zamanin Sarkin Yauri Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, ya gama yana alƙalin yanki a zamanin Sarki Muhammadu Tukur, ya ga yawancin wannan da idonsa.

Wani zai ce ai duk an rubuta, me za a nema a bakin tsoho? Lalle an rubuta, amma a duba abin da littafin shari'a ya ke ɗauke da shi. Sunan mai ƙara ne da na abokin shari'arsa, da abin da a ke jayayya a kai, da sunayen shaidu, da hukunci, da tara ko ushirar da aka karɓa. Sau da yawa layi biyar ko shida ya ishi shari'ar da ta ci kwana uku. Magatakarda yana rubuta abin da Di'o zai duba ne in ya zo rangadi, abin da ya wuce wannan ba ya ɓata tawada a kansa.

A ɗauki misali. A al'adar Dukawa saurayi yakan yi wa surukansa noma shekaru kafin a ba shi matar. A ce matar ta fita, mijin ya zo kotu yana neman a mayar masa da abin da ya kashe. Littafin fikihu ya san sadaki, ya san kuɗin da mace ke mayarwa ta fanshi kanta, amma bai ƙididdige damina nawa ta noma ke daidai da fam nawa ba. Dole alƙali ya kira dattawan ƙauye, ya tambayi al'adarsu, ya yi ta ja da sassautawa har kowa ya yarda. A littafi kuwa abin da za a gani shi ne an raba aure, an biya kaza. Hikimar da ta hana ƙauyuka biyu gaba ba ta shiga takarda ba. Haka sha'anin shanun da suka faɗa fadamar albasa, da na masunta biyu masu jayayya a kan wurin zuba taru. Mafi yawan irin waɗannan da sulhu su ke ƙarewa, sulhu kuwa shi ne aikin alƙali mafi kyau, shi ne kuma mafi ƙarancin alama a littafi.

Har wa yau akwai wani dalili da ya keɓanta da wannan ƙasa. An soma gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, a 1968 ruwa ya taru ya zama tafki, ya cinye tsibiran Gungawa da tsohon garin Bussa da fadamu masu yawa, aka tayar da mutum wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Hukuncin da ya ce iyakar gonar wane ita ce tsamiyar da ke bakin rafi, yau tsamiyar da rafin duk suna ƙarƙashin ruwa. Gonakin da aka ba baƙi a tudu, wasu kyauta ne, wasu aro, da yawa kuwa da baki aka yi. A shari'ar Malikiyya akwai hauzi, watau in mutum ya riƙe wuri shekara goma mai shi yana gani bai yi magana ba, kuma ba dangi ba ne, ƙararsa ta faɗi. Amma aro ba ya zama mallaka don daɗewa. Saboda haka sanin ko kyauta ce ko aro shi ne ke raba jikokin mutane da gona ko ya bar musu ita. Waɗanda suka zauna aka yi wannan rabo a gabansu su ne hakimai da alƙalai da malaman kotu na wannan lokaci.

Sai dai masu ƙin yarda da maganar tsohon alƙali suna da hujja mai ƙarfi, daga cikin fikihun kansa suka samo ta. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa alƙali ba ya yin hukunci da abin da ya sani shi kaɗai, sai da abin da ya tabbata a gabansa. Sun kuma ce in an sauke shi daga aiki, ba a karɓar shaidarsa a kan cewa ya yanke hukunci kaza, domin shaida ce a kan aikin kansa. Dalilin a fili ya ke. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Tsoho yakan tuna ranar da ya tsaya wa maraya, ya manta ranar da aka shigo da buhun shinkafa ta ƙofar baya. Ga kuma tsufa, mai haɗa shari'a biyu ta mai da su ɗaya. In shari'a da kanta ta ƙi wannan shaida, ta yaya mai neman tarihi zai karɓe ta?

Amsa ita ce a bambanta zaman hukunci da zaman neman sani. A zaman hukunci za a karɓe dukiya daga hannun wani a ba wani, ko a ɗaure mutum, don haka aka tsananta. Mai neman sani ba ya ɗaure kowa, abin da ya ke so shi ne ya fahimci yadda al'amari ya gudana. Ko a shari'ar ma an buɗe ƙofa ga shaidar ji, watau abin da ya bazu a bakin amintattu da waninsu, a kan al'amura irin su nasaba da mutuwa da tsohuwar mallaka, domin malamai sun san waɗanda suka gani da ido ba su dawwama. Gani ya kori ji, amma in mai gani ya kwanta dama, jin ne ya rage.

Abin da ya kamata shi ne a yi wa tsohon alƙali abin da shi ya yi wa shaidu. Bai taɓa yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba, don haka kada a rubuta tarihi da bakinsa shi kaɗai. A ji daga gare shi, a ji daga muhutinsa da magatakardansa da ɗan dokan da ke tsaron ƙofa, a nemi tsohuwar da aka raba aurenta da manomin da aka ci tararsa, sa'an nan a gwada duka da littattafan da suka tsira a ɗakunan ajiya irin na Kaduna da Sakkwato. Yadda alƙali ke yin izari kafin hukunci, ya tambayi wanda shari'a za ta kayar ko yana da sauran magana, haka mai rubutu zai nemi ɓangaren da ba a ji ba kafin ya rufe littafinsa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a nan. Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya bi dattawan Yauri ya ɗauki labaransu ya auna su da takardu, da haka ya rubuta tarihin sarautar ƙasar.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi ɗaci. Alƙalin zamanin En'e albashinsa daga baitulmalin En'e ya ke fitowa, naɗinsa da saukarsa suna hannun masu mulki. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950 an yi ta kuka a Arewa cewa ana amfani da kotunan alƙalai a ɗaure 'yan hamayya, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa aka raba kotu da En'e. Daga sama kuma ga Turawa. Kotun Sarkin Gwandu, maƙwabciyar Yauri, ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa shari'ar Malikiyya, a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, ta ce a dokar Turawa tsokanar da aka yi masa ta rage laifin. Littattafan lauyoyi sun adana hujjar jojin Turawa kalma kalma. Yadda alƙalin ƙauye ya ji da wannan labari, da yadda ya riƙa zama tsakanin tsoron Sarki da tsoron Di'o da tsoron Allah, shi kaɗai zai iya faɗa.

To, wajibi ne ya faɗa? Wasu na ganin rufin asiri ya fi, sun kuwa yi gaskiya ta wani gefe. A gaban alƙali a ke tona asalin bauta, da ɗan da ubansa ya ƙi, da abin da ke tsakanin miji da mata, jikokin waɗannan mutane kuwa suna nan suna auratayya. Wannan asirin mutane ne, amana ce, ya shiga kabari da ita, ko kuwa ya ba da labarin ya ɓoye suna da gari. Amma asirin kujera dabam ne. Yadda aka aiko masa da saƙo daga sama, da yadda ya ƙi ko ya bi, da shari'ar da har yau ke hana shi barci, wannan hakkin jama'a ne, domin da sunansu ya zauna. Saurayin alƙalin da ke zaune yau a Wara ko Shanga zai gamu da irin wannan saƙo, sai dai mai aikowa ya sake. In abin da ya gada daga magabata yabo ne kawai, zai zaci su ba a taɓa jarraba su ba, ya ɗauka rauninsa nasa ne shi kaɗai. In kuwa ya ji dattijon da a ke girmamawa ya ce ranar kaza an matsa mini na karkata, ga abin da ya biyo baya, ya samu abin da babu shi a Tuhfa. Ga shi kuma addini ya nuna cewa hakkin wani ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar ko an nemi gafarar mai shi. Gonar da aka ba wanda ba shi da ita tana nan, magadan mai ita suna nan.

Lokaci kuwa ba ya jira. Yaron da ke magatakardan kotu yana ɗan shekara 25 a 1967 yanzu ya haura tamanin, manyansa kuwa galibi sun riga mu gidan gaskiya. Kayan aikin ba su da wuya, wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana ɗaukar magana. Abin da a ke bukata shi ne mai zuwa da ladabi, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya gaishe da Malam, ya yi haƙurin komowa sau uku ko huɗu, domin a zuwan farko labarin nasara a ke ji, sai an saba sauran ke fitowa. Shi kuma dattijo ya tuna yau shi ne a mazaunin shaida, sharaɗin da ya ɗora wa dubban mutane ya hau kansa: ya faɗi abin da ya sani, kada ya ƙara, kada ya rage. Allah Ya ba shi ikon faɗa, Ya ba na baya kunnen ji, amin.