MAI SULHUN DA KE CIN ABINCI A GIDAN CACA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kwanaki bayan sallar isha'i wani matashi ya tsaya har masallaci ya watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, an zalunce ni, amma ina jin kunyar faɗa." Na ce faɗi, ai ba a ɓoye wa likita ciwo.

Ashe caca yake yi a waya da wani kamfani na ƙasar waje. Ya zuba naira 50,000, aka ƙara masa garaɓasa, ya buga har kuɗin suka kai 400,000. Da ya zo cirewa sai aka rufe masa asusu, wai ya saɓa wani sharaɗi na garaɓasar wanda bai taɓa karantawa ba. Ya kai ƙara wani shafin intanet da ke sulhu tsakanin 'yan caca da kamfanoni. Bayan makonni suka ce kamfani ne da gaskiya. Sai ya tambaye ni: "Malam, don Allah wannan adalci ne? Ba za ka taimaka min in karɓo haƙƙina ba?"

Amsar da ta fara zuwa bakina ita ce: "Kai ka jawo wa kanka, wa ya aike ka?" Sai na kama bakina, domin tambayarsa ta fi wannan amsar nauyi. Mutumin da ya shiga haram, ya faɗi daga cancantar a yi masa adalci kenan? Kuma wanda zai shiga tsakani, ta yaya zai tsaya a tsakiya?

Mu fara sanin su waye masu sulhun nan. A Birtaniya, inda aka yi dokar caca ta 2005, hukumar kula da caca tana wajabta wa duk kamfani mai lasisi ya tanadi wata kafa ta daban da ɗan caca zai kai kuka kyauta. Akwai IBAS da aka kafa a 1998, akwai eCOGRA da aka kafa a 2003. Sai dai kuɗin tafiyar da irin waɗannan kafofi daga kamfanonin cacar yake fitowa. Gwamnatin Birtaniya da kanta, a takardar gyaran dokar caca da ta fitar a Afrilun 2023, ta kawo shawarar a samar da mai sauraren koke mai zaman kansa, saboda ta ga akwai giɓi. To wannan a inda ake da tsari kenan. Kamfanoni da yawa da yaranmu ke shiga lasisinsu daga wurare irin tsibirin Kurasao yake, inda muryar ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ba ta kaiwa.

Sai kashi na biyu, irin wanda matashin nan ya je: shafukan da ke tallata gidajen caca, kuma su ce suna sulhu. Yawancinsu da kamasho suke rayuwa. Idan ka bi ta wajensu ka yi rajista, ana biyan su, wani lokaci ma wani kaso ake yankar musu daga abin da ka yi asara. Ka ga kenan asararka ita ce ribarsu. Shi ne kuma alƙalin da za ka kai wa kuka.

Ba na cewa duk hukuncinsu ƙarya ne. In na faɗi haka ni ma na yi zalunci. Sukan tilasta wa kamfani ya biya, sukan saka wasu a jerin marasa amana, kuma a cikin 'yan cacar ma akwai masu buɗe asusu biyu ko amfani da katin shaidar wani. Abin da nake cewa shi ne, zuciya tana karkata wajen mai ba ta abinci ko da mai ita bai ankara ba.

Musulunci ya daɗe da toshe wannan ƙofar. Ku tuna Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mimbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. Ku tuna Abdullahi ɗan Rawaha, wanda ake turawa Haibar ya kiyasta dabinon da za a raba tsakanin Musulmi da Yahudawa. Sun tara masa kayan adon matansu don ya sassauta. Ya ƙi karɓa, ya kuma sanar da su cewa ƙin da yake musu ba zai sa ya tauye su ba. Ku lura da kyau: kuɗinsu bai ja shi zuwa gare su ba, ƙiyayyarsa ba ta tura shi kansu ba. Wannan shi ne tsayuwa a tsakiya. Sayyidina Umar ma, a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari, ya umarce shi ya daidaita masu jayayya hatta a kallon fuska da wurin zama.

To ni fa da aka kawo wa ƙara? Ni ba na cin kamasho, amma ina da nawa karkatar, har guda biyu. Ta farko, na tsani caca, don haka da sauƙi in wulaƙanta yaron in kore shi. Ta biyu, yaron namu ne, a sahu ɗaya muke sallah, kamfanin kuwa na wasu ne can da ban san su ba, don haka da sauƙi in ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta umarce mu da tsayar da shaida ko a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi, mai kuɗi ne ko talaka. Ayoyin biyu sun rufe min hanyoyin biyu.

Ga abin da na faɗa masa. Na ce ƙanina, idan labarin yadda ka ba ni yake, an yaudare ka. Ɓoye sharaɗi a cikin dogon rubutu, a karɓi kuɗinka ba tambaya, sai ranar biya a tuno da doka, wannan ha'inci ne, kuma sunansa ha'inci ko a kan wa aka yi shi. Amma ban ji ta bakinsu ba, don haka ba zan rantse a kai ba.

Sannan na ce: naira 350,000 ɗin da kake kira haƙƙinka ba haƙƙinka ba ne. Daga ina suka fito? Daga aljihun wasu irinka da suka faɗi, wataƙila kuɗin makarantar wani yaro ne, ko jarin wata baiwar Allah. Allah Ya haɗa caca da giya Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan a aya ta 90 ta Ma'ida, aya ta gaba kuma ta bayyana cewa ta nan yake jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu. Cinikin da aka gina a kan caca ɓatacce ne tun daga tushe, ba ya mallakar wa kowa komai. Abin da za ka iya nema shi ne uwar kuɗinka, 50,000. Wannan zan taya ka rubuta musu a kai. Ragowar kuwa, ko sun turo maka ba naka ba ne, sai ka rabu da su ta hanyar amfanin jama'a tare da tuba.

Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, ashe kai ma bayansu ka bi." Na ce a'a. Da bayansu na bi, da na ce 50,000 ɗin ma ta halatta gare su. Ba ta halatta ba. Hukuncin da ya hana ka cin nasu shi ne ya hana su cin naka.

Nan ne masu sulhun caca ba sa iya kaiwa, ko da a ce sun tsarkaka daga kamasho. Iyakarsu su duba ko an bi ƙa'idar wasa. Ba sa tambayar ita kanta ƙa'idar. Ɗauki faifan nan mai juyawa da ake kira rulet: gurbi 37 ne a irin na Turai, amma in ka ci ana biyan ka ninki 35 ne. Wannan ɗan bambancin yana ba gidan caca kusan kashi 2.7 cikin 100 na duk abin da aka zuba idan wasa ya yi tsawo. Ko ba a yi maka maguɗi ko sau ɗaya ba, an tsara abin ne don ka faɗi. Alƙalin da ke tabbatar da an bi wannan tsarin sau da ƙafa, me ya tsare maka?

Nasihata ga malamai da iyaye da masu unguwanni: irin wannan ƙarar za ta riƙa zuwa muku. Kar ku kori yaran, in kun kore su wajen mai kamasho za su koma. Ku saurara, ku kira zalunci da sunansa ko wa ya yi, amma kar ku zama 'yan karɓo wa wani kuɗin caca. Kuma duk wanda zai shiga tsakanin mutum biyu, ko a kasuwa ko a rikicin aure ko na gado, ya fara tambayar kansa: me zan samu in wannan ya yi nasara, me zan rasa in wancan ya yi? In akwai amsa, ya bayyana ta ga ɓangarorin biyu, ko ya janye.

Matashin bai dawo kan maganar wasiƙar ba tukuna, amma ina ganinsa a sahun asuba. Ku sa shi a addu'a.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya wadata mu da halal, Ya sa mu tsaya a kan gaskiya ko da a kanmu take. Wallahu a'alam.