"Wa Ya Faɗa Miki?"

Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata ta Islamiyya, wadda yanzu take aji biyu a kwalejin ilimi, ta kawo mini aikin da aka ba su in duba mata. A ciki ta kafa hujja da wani hadisi mai daɗin ji a kan ladabin mace, har da lambarsa. Na ce, "A wane littafi kika gan shi?" Ta ce, "Malama, Gwaggo ce ta turo mini a waya." Na buɗe littafin da aka jingina shi gare shi, babu shi babu dalilinsa. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, gwaggon kuwa na san ta, baiwar Allah ce mai ibada. To laifin na wane ne?

A jami'o'inmu ana koya wa ɗaliban shekarar farko darasin amfani da laburare, yawancinsu kuwa haddacewa suke yi don jarrabawa, su watsar. Alhali abin da ake so su riƙe bai wuce su tambayi kowane bayani daga ina ya fito ba, kuma mai faɗarsa ta yaya ya sani. Kada ki ɗauka boko ne ya zo da wannan. Imamul Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, shekara 16 ya yi yana tace Sahihinsa. Malaman hadisi sun sha ajiye ruwayar mutumin kirki mai tsayuwar dare don kawai haddarsa tana da rauni. Ba su zarge shi da ƙarya ba, ba su kuma karɓa ba. Ashe kirkin Gwaggo bai isa ya inganta hadisi ba.

Inda abin yake da wuya shi ne mu muka rene su da kunya, muka hana su mayar wa babba magana, kuma ba na nadamar haka. Amma yarinyar da ta shekara 18 tana jin cewa tambaya rashin kunya ce, ta yaya malamin kwaleji zai gyara ta a zango ɗaya? Ni ina ganin neman asali ba ƙaryatawa ba ne, lafazin ne ya kamata mu koya musu. "Gwaggo, don Allah ki taimaka mini da inda aka ciro, ina so in karanta." Ina rashin ladabi a nan?

Za ki ce ai niyyar mai turawa alheri ce. Tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, da aka tashe mu da asuba a waya wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Masoyanmu ne suka kira mu, amma mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasu. A ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (RA), Suratun Nur ba ta tsaya kan wanda ya ƙaga maganar kaɗai ba, ta tsawatar har da waɗanda suka ɗauka suka yi gaba da ita ba tare da sani ba, cikinsu kuwa akwai muminai.

Sai dai ƙaryata komai shi ma ba ilimi ba ne. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya faru da gaske, don haka tsoron iyaye yana da tushe. Amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, sai a watan Yuli na 2004 Kano ta koma yi, cutar kuma ta tsallaka ƙasashen da a baya suka rabu da ita. Yanzu ga wani sabon aiki, manhajojin da ke rubuta wa ɗalibi aiki sukutum, wani lokaci har su ƙaga sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba.

Ɗalibata dai ta cire hadisin, ta kwana biyu tana laluben Riyadus Salihin har ta samo wani ingantacce, ta rubuta babinsa. Da na tambaye ta ko ta sanar da Gwaggo, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ko ke za ki faɗa mata?" Mun yi da ita ranar Juma'a za mu je tare.