Kwanan Zaune Ba Ya Biyan Bashin Shekara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan 'ya'yanmu 'yan makaranta take. Duk wanda ya zaga Wara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, ko Birnin Yauri ko Yelwa cikin watan Mayu da Yuni, watau lokacin jarrabawar fita sakandare ta WAEC, kafin ta NECO ta biyo baya, zai tarar da samari da 'yanmata sun duƙufa a kan littattafai tun bayan lisha, wani da tocila, wani da hasken waya, ga goro ga shayi, har ladan ya yi kiran assalatu. Iyaye kuwa sai murna, wai yaro ya dage. To, dagewa abar yabo ce, domin neman ilmi wajibi ne a kan kowane Musulmi. Abin tambaya shi ne, ko wannan kwanan zaune hanya ce da addini ya yarda da ita?

Allah Maɗaukakin Sarki ya sanar da mu cikin Suratun Naba'i cewa shi ne ya sanya barci ya zama hutu, dare ya zama sutura, yini kuma lokacin neman abin rayuwa. Ashe barci ni'ima ce da Allah ya lissafa cikin ni'imominsa, ba abokin gaba ba ne da za a yaƙa da goro.

Imamu Buhari ya ruwaito cewa Salmanu Bafarishe ya kwana a gidan Abud Darda'i, Allah ya yarda da su. Da dare ya yi mai gida ya miƙe zai yi nafila, sai Salmanu ya sa shi ya kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake mayar da shi, sai can ƙarshen dare suka tashi suka yi salla tare. Sa'an nan Salmanu ya nuna masa cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, ransa yana da hakki, iyalinsa ma suna da nasu, sai ya ba kowa hakkinsa. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. Haka kuma Nana A'isha ta ruwaito umurninsa cewa wanda gyangyaɗi ya kama cikin salla ya je ya kwanta, don kada ya nufi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Jama'a, idan an hana mai salla ya ci gaba alhali yana gyangyaɗi, domin bai san abin da yake faɗa ba, ina ga mai haddar lissafi da ƙarfe uku na dare?

Wataƙila wani ɗalibi ya ce, “Malam, ai malamanmu da karatun dare suka zama malamai.” Gaskiya ne. Imamu Buhari kansa ya ƙulla babi a kan halaccin hira bayan lisha domin ilmi, kuma har yau almajirai suna kewaye wuta a tsangaya suna karatun dare. Amma ka lura, su kullum suke yi, kaɗan-kaɗan, su kwanta su tashi da asuba. Shehu Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allimi da ake karantawa a zaurukanmu, ya kwaɗaitar da karatu tsakanin magariba da lisha da kuma gabanin asuba, sa'an nan ya ja kunnen ɗalibi kada ya wahalar da kansa har ƙarfinsa ya ƙare ya yanke. Wannan dabam, wanda ya yi shekara uku yana wasa sa'an nan ya nemi haɗiye darussa takwas ko tara cikin mako biyu shi ma dabam. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen bakin Tafkin Kainji sun fi kowa sanin wannan misali. Masunci ya kwana a kan ruwa ya cika jirgi da kifi, in bai samu ya yi banda ba, kafin ya kai kasuwar Yauri kifin ya ruɓe, wahalar dare ta tashi a banza. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa cikin barci ne abin da mutum ya karanta yake zama daram, kuma likitoci sun ƙayyade wa matashi barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Barci shi ne bandar karatu. Bugu da ƙari, masunci in ya dawo sai ya rama barcinsa da hantsi, shi kuwa ɗalibi a hantsin nan ne za a miƙa masa takardar jarrabawa.

Akwai hasara biyu da suka fi faɗuwa jarrabawa muni. Ta farko sallar asuba. Yaro ya kai ƙarfe huɗu a zaune, barci ya kwashe shi a kan littafi, bai farka ba sai rana ta fito. Lalle wanda barci ya rinjaya ba da nufi ba sai ya rama idan ya farka, amma wanda ya mayar da haka al'ada ya tambayi kansa, wa zai roƙa nasara bayan ya saba wa kiransa? Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka cikin sammakonta, ga shi mai kwanan zaune yana barci a daidai lokacin. Ta biyu ƙwaya. Daga goro sai wani abokin banza ya miƙo ƙwayar da za ta hana gajiya, irin su tramadol, wadda take jawo jijjiga kamar farfaɗiya, kuma in ta kama mutum da wuya ta sake shi. Jarrabawa mako kaɗan ce ta wuce, ƙwaya kuwa ta zauna. Jikin nan amana ce, kuma za a tambaye mu yadda muka ƙarar da shi.

Iyaye, mu ma da namu laifin. Jarrabawar nan tana faɗowa ne daidai faɗuwar damina. Yaron da ya wuni a gona ko a kan ruwa, da yarinyar da ta wuni talla da aikin gida, ba su da sauran lokaci sai dare. Wanda ya biya kuɗin jarrabawa, ya daure ya ƙara da sauƙaƙa wa ɗansa aiki na 'yan makonnin nan. Malaman makaranta kuma su ji tsoron Allah su koyar da darussa a kan kari, kada su tara wa yara aikin zango guda a makon ƙarshe.

Ku kuwa 'ya'yana, ga shawara. Tun farkon zango ku yanka wa kowane dare rabonsa: awa ɗaya ko biyu bayan lisha, ku ajiye waya ku kwanta, ku tashi ku yi asuba cikin jam'i, sa'an nan ku maimaita abin da kuka karanta jiya. Manzon Allah ya sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Daren jarrabawa kuwa ku rufe littafi da wuri, ku yi addu'a, ku dogara ga Allah.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya tsare musu sallarsu da lafiyarsu, amin. Wassalamu alaikum.